Yunƙurin Janar Kornilof na 1917 da Faɗuwar Gwamnatin Riƙon Ƙwarya a Rasha

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba yunƙurin juyin mulkin da Janar Kornilof ya yi a Rasha cikin watan Agusta na 1917, mu nuna yadda rushewarsa ta zama sanadin faɗuwar gwamnatin da ta tsira daga gare shi. Ranakun da za mu ambata na tsohuwar kalandar Rasha ne, wadda take bayan tamu da kwana 13.

Halin da ƙasa take ciki

Tun da Sarki Nikolas na Biyu ya yi murabus a watan Maris, sai mulki ya rabu biyu a Fetrograd, babban birnin ƙasar. Ga Gwamnatin Riƙon Ƙwarya, ga kuma majalisar wakilan ma'aikata da sojoji, wato Sobiyet. Yaƙi da Jamus ya ƙi ƙarewa, abinci ya yi wuya, sojoji suna gudu daga bakin dāga. Bayan tarzomar watan Yuli, gwamnati ta kame shugabannin jam'iyyar Bolshebik, Tirotski ya shiga kurkuku, Lenin ya ɓuya, daga baya ya tsere Finlan. A wannan wata ne Kerenski ya zama firayim minista, ya naɗa Kornilof babban kwamandan askarawa. Shi Kornilof yana ganin ba abin da zai ceci Rasha sai a karya Sobiyet, a mai da horon soja mai tsanani.

Yadda yunƙurin ya wargaje

Kornilof ya tura rundunar sojan doki ta uku a ƙarƙashin Janar Kirimof ta nufi Fetrograd. Masana tarihi sun saɓa a kan ko da yardar Kerenski aka fara wannan shiri. Abin da ba a saɓa ba shi ne, ranar 27 ga Agusta Kerenski ya sallame shi daga muƙaminsa, shi kuwa ya ƙi sauka.

Da Kerenski ya rasa sojan da zai dogara da shi, sai ya nemi agajin Sobiyet, aka raba wa ma'aikata bindigogi, har da 'yan Bolshebik. Amma ba a gwabza wani yaƙi na a-zo-a-gani ba. Ma'aikatan reluwe suka tsai da jiragen da ke ɗauke da sojoji, ma'aikatan tangaraho suka riƙe saƙonnin hafsoshi. Cikin rundunar akwai mahayan dawakai daga duwatsun Kaukasus, akasarinsu Musulmi, sai aka aika musu da wakilai Musulmi 'yan'uwansu suka yi musu bayani, suka ƙi ci gaba. Ranar 31 ga Agusta Kirimof ya harbe kansa bayan ya gana da Kerenski. A farkon Satumba aka kama Kornilof.

Sakamako

Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hafsoshi suka ɗauki Kerenski maci amana, ma'aikata kuma suka zarge shi da haɗa baki da janar ɗin tun farko. 'Yan Bolshebik, waɗanda aka yi wa kallon 'yan barandan Jamus a Yuli, suka fito a matsayin masu kāre juyin juya hali. Aka saki Tirotski, kuma kafin ƙarshen Satumba ya zama shugaban Sobiyet ta Fetrograd. Bindigogin da aka raba ba su komo ba.

Kammalawa

A ra'ayinmu, abin da ya kayar da Kornilof shi ne ƙin biyayyar ƙananan mutanen da umarni yake bi ta hannunsu. Wannan ƙin biyayya shi ne ya sami Kerenski ranar 25 ga Oktoba, lokacin da 'yan Bolshebik suka karɓe mulki: ya fita birni neman sojan da zai tsaya masa, bai sami isasshe ba, domin hafsoshin da za su iya cetonsa su ne ya tozarta wata biyu da suka wuce.