Tarihin Taswirar Teku

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Wannan magana gaskiya ce ga mai tafiya a tudu, gama shi yana da turbar da zai bi, da sawun waɗanda suka riga shi, da kuka ko dutse da zai shaida. In kuwa ya rikice, sai ya ratse ƙauye ya yi tambaya. Amma a tsakiyar teku ba wanda za a tambaya. Jirgi na wucewa ruwa ke rufe sawunsa, kuma abin da ke kashe jirgi, watau dutse da yashi, yana ɓoye a ƙarƙashin ruwa inda ido ba ya kaiwa. Sabo da haka tun ran da mutane suka fara nisa da gaɓa, abu biyu ke damun matuƙi: ya san inda jirginsa ya ke, ya kuma san abin da ke gabansa. Tarihin taswirar teku duka labarin neman amsar waɗannan biyu ne.

Zamanin taurari da igiya

Matuƙan farko da taurari suka dogara, kamar yadda ayarin raƙuma ke yi a cikin Sahara. Akwai wani tauraro a wajen arewa wanda ba ya barin wurinsa, sauran taurari ne ke kewaya shi. Masu lura suka gane in mutum ya yi arewa tauraron nan sai ya ƙara hawa sama, in ya yi kudu sai ya sauko. A Kano tsawonsa daga gindin sama kamar digiri 12 ne, a birnin Landan kuwa ya wuce digiri 51. Larabawa masu ratsa Tekun Indiya suna auna shi da wani ɗan allo mai igiya, sunansa kamal. Matuƙi ya kan ciji igiyar, ya miƙa allon gabansa har ya cika tsakanin tauraro da bakin ruwa. Ƙulle-ƙullen da ke jikin igiyar su ke gaya masa ko ya yi daidai da tashar da ya nufa. Mashahurin malaminsu shi ne Ahmad ɗan Majid, wanda ya rubuta littafi a kan ilmin tuƙi wajen shekarar 1490.

Mutanen Sin su suka fara rubuta labarin allurar da a ke gogawa da mayen ƙarfe ta riƙa nuna kudu da arewa, a cikin 1088. Bayan kamar shekara ɗari aka ji labarinta a ƙasashen Turai. Da kamfas ya samu, sai matuƙan Bahar Rum suka shiga zana taswira a kan fata, suna jera sunayen tashoshi a bakin gaɓa, suna ja layuka masu nuna fuskokin kamfas. Wadda ta fi tsufa cikin waɗanda suka saura an zana ta wajen ƙarshen ƙarni na 13, tana nan a ajiye a birnin Faris.

Zurfin ruwa kuwa da igiya a ke gwada shi. A kan ɗaura dalma a bakin igiya a jefa, a ƙirga gaba nawa ta shiga. A gindin dalmar a kan liƙa kitse, don in an jawo a ga ko yashi ne a ƙasa, ko laka, ko tsakuwa. Saurin jirgi ma da igiya a ke auna shi: a jefa ɗan katako a baya, igiya mai ƙulli tana warwarewa, wani yana riƙe da agogon yashi. Da saurin nan, da fuskar da kamfas ya nuna, da sa'o'in da aka yi ana tafiya, matuƙi ke lissafa inda ya kai. Amma lissafin ƙiyasi ne, domin iska da igiyar ruwa suna janye jirgi gefe ba a sani ba.

Akwai kuma wata matsala. Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma ba mai shimfiɗa ɓawon lemo ba tare da ya yage ba. A cikin 1569 wani masani mai suna Mercator ya fito da dabarar zane wadda ke ƙara wa ƙasashen can arewa da can kudu girma, amma tana da babban amfani guda: in matuƙi ya ja miƙaƙƙen layi daga wannan tasha zuwa waccan, layin nan shi ne fuskar kamfas da zai riƙe har ya isa. Har wa yau bisa dabarar nan a ke zana yawancin taswirorin teku.

Kafinta da agogonsa

Taurari suna nuna nisan jirgi kudu ko arewa, amma ba su faɗin nisansa gabas ko yamma. Ran 22 ga Oktoba 1707, rundunar jiragen yaƙin Ingila tana komowa gida cikin hadari, shugabanninta suka kuskure lissafin inda su ke, jirage 4 suka faɗa kan duwatsun tsibiran Scilly da dare. Mutum fiye da 1,400 suka halaka, har da babban shugabansu. A cikin 1714 Majalisar Dokokin Ingila ta sa ladan fam 20,000 ga wanda ya samo hanyar gane nisan gabas da yamma a teku.

Asirin abin yana ga lokaci. Duniya tana juyawa digiri 360 cikin sa'a 24, watau digiri 15 ke nan kowace sa'a. Shi ya sa rana ke take tsaka a Maiduguri kamar rabin sa'a kafin ta take a Sakkwato. To, in matuƙi yana da agogo mai riƙe da lokacin garin da ya baro, ya ga rana ta take tsaka a kansa alhali agogon na nuna ƙarfe 2, ya san ya yi yamma da digiri 30. Lissafin ba wuya, agogon ne ba shi. Agogon zamanin nan da lilo su ke aiki, jirgi kuwa ba ya daina tangaɗi, ga zafi da sanyi da laima suna ɓata ƙarfe. Kuskuren minti 1 tak a agogo ya kan jawo kuskuren mil 15 a tsakiyar duniya.

Wanda ya ci wannan gari ba shaihin malami ba ne, wani kafinta ne, John Harrison, wanda ya koya wa kansa ƙirar agogo. Ya yi wajen shekara 30 yana fama, ya ƙera manya guda 3, sa'an nan a cikin 1759 ya gama na huɗu, ɗan madaidaici wanda za a iya ɗorawa a tafin hannu. Aka tafi da shi Jamaika a cikin 1761, da aka isa aka tarar kuskurensa bai wuce daƙiƙa 5 ba. Duk da haka masu hukunci suka yi ta ja masa rai, bai sami cikon kuɗinsa ba sai a 1773, yana da shekara 80, bayan Sarkin Ingila ya sa baki.

Masu auna teku

Sanin inda jirgi ya ke ba ya wadatarwa sai an san abin da ke ƙarƙashinsa. Faransa ta kafa ofishin taswirar teku a 1720, Ingila ta kafa nata a 1795. Ma'aikatansu suka bazu cikin duniya a ƙananan jirage, suna jefa dalma, suna rubuta zurfi, wuri bayan wuri. Wajen 1830 aka auna Bahar Maliya, wadda ke cike da duwatsun murjani, ita ce kuwa alhazan ƙasar Hausa masu tafiya ta ƙasa su ke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda. A cikin 1884 ƙasashe suka taru a Washington suka yarda a riƙa fara ƙirgan gabas da yamma daga Greenwich, kusa da Landan. Layin nan ya ratsa ta Tema a ƙasar Gana. A cikin 1921 aka kafa hukumar duniya a Monako don daidaita aikin taswirar teku. A zamanin nan ne kuma aka fara barin dalma, aka koma aika ƙara zuwa ƙasan teku ana sauraron amsa-kuwwa. Da ya ke ƙara tana tafiyar kamar mita 1,500 kowace daƙiƙa a cikin ruwa, jinkirin komowarta shi ke nuna zurfi.

Taswirar da ke cikin na'ura

A cikin 1978 Amurka ta harba na farko cikin taurarin ɗan'adam da a ke kira GPS, zuwa 1995 suka cika 24 masu aiki. Suna shawagi a nisan kamar kilomita 20,000 daga ƙasa, kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidai, yana ta shelar lokaci ta rediyo. Na'urar da ke cikin jirgi ta kan saurari 4 daga cikinsu, ta lissafa jinkirin da saƙon kowanne ya yi a hanya, daga nan ta fitar da inda ta ke. Ashe dai har yanzu maganar Harrison ce, watau agogo. Da fari sojojin Amurka suna gurɓata saƙon da gangan, har kuskure ya kan kai mita 100, amma a watan Mayu na 2000 aka daina. Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma kowa ya harba nasa.

Da aka haɗa GPS da kwamfuta sai taswira ta bar takarda ta koma kan allon na'ura. Iri biyu ce. Ta farko hoton taswirar takarda ce kurum. Ta biyu kuwa kowane dutse, da fitila, da zurfi, an ajiye shi daban a cikin na'ura, sabo da haka tana iya yin ƙara in jirgi ya doshi wurin da ba zurfi. Hukumar jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tilasta wa manyan jirage ɗaukar irin wannan na'ura, aka bi abin daki daki daga 2012 zuwa 2018. Masu ƙananan jirage na yawon shan iska kuwa, da masunta, yanzu manhaja su ke sawa a wayar hannu, irin su Navionics da C-MAP, ko OpenCPN wadda a ke samu kyauta. Mutum na zaune yana ganin jirginsa na tafiya a kan taswira, ga lokacin cikar ruwa da janyewarsa, ga labarin iska, ga sauran jiragen da ke kusa. Abin da Harrison ya ƙare ransa yana nema ya zama kayan aljihu. A cikin 2019 hukumar Amurka ta yi shelar za ta daina buga taswirar takarda cikin shekara 5. Ta Ingila ma ta faɗi haka a 2022, amma da matuƙa suka koka, sai ta ɗaga a 2023.

Inda gizo ke saƙa

Sauƙin nan ya zo da nasa haɗari, gama mutum ya kan gaskata abin da ya gani a allo ya daina duban ruwa. A watan Yuni na 1995 jirgin fasinja Royal Majesty ya taso daga Bamuda zuwa Boston da mutum fiye da 1,500. Wayar eriyarsa ta tsinke, na'ura ta koma lissafin ƙiyasi, ma'aikata ba su lura ba har fiye da kwana guda. Jirgi ya kauce mil 17 ya kafe a yashi. A watan Janairu na 2013 wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Guardian ya hau duwatsun murjani a Filifin, aka tarar taswirar na'urarsa ta ajiye duwatsun kamar mil 8 daga inda su ke. Sai da aka yayyanka jirgin kafin a fid da shi. Ran 29 ga Nuwamba 2014 kuma jirgin tsere Vestas Wind, mai ƙwararrun matuƙa, ya daki duwatsu da dare a arewa maso gabas da tsibirin Morishus. Duwatsun suna cikin taswira, amma ba su fitowa sosai sai an jawo hoton kusa, ba a kuwa jawo ba. Mutum 9 da ke ciki suka tsira, jirgi ya ragargaje.

Wani abin lura kuma, kyan allo ba ya sabunta awo. Zurfin da wayar hannu ke nunawa da launi mai kyau, a wurare da yawa wani ne ya auna shi da dalma da igiya fiye da shekara 100 da suka wuce, abin da ke tsakanin jifa da jifa kuwa ba wanda ya gani. A cikin 2023 abin da aka auna sosai na ƙasan tekun duniya bai wuce kashi 1 cikin 4 ba. Ban da wannan, batir na ƙarewa, waya na faɗawa ruwa, a wuraren yaƙi kuma a kan toshe saƙon taurarin ko a aika na ƙarya.

Sabo da haka matuƙan kirki ba su yar da ilmin magabata ba. Suna aiki da na'ura, amma suna gwada maganarta da kamfas, da zurfin ruwa, da fitilun gaɓa, suna kuma rubuta inda su ke a takarda lokaci lokaci. Makarantar hafsoshin ruwa ta Amurka, wadda ta bar koyar da auna taurari, ta komo da shi a 2015. Da ma an ce da tsohuwar zuma a ke magani. Ko a fata, ko a takarda, ko a waya, taswira labarin abin da wani ya auna ne a wata rana da ta wuce. Kiyaye jirgi da rayukan da ke cikinsa kuwa yana wuyan wanda ke riƙe da tuƙi a daren nan.