Dokar Guga a Zamanin Burtsatse: Wa Ke Tsaron Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa?

Dokar Albarkatun Ruwa ta Nijeriya, wadda gwamnatin soja ta kafa a 1993 da lamba 101, ta ɗora wa gwamnatin tarayya ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sama da na ƙasa. Amma tun a sashe na biyu ta sassauta: duk mai haƙƙin fili, na takarda ko na gargajiya, yana iya ɗibar ruwan da ke ƙarƙashin filinsa kyauta don amfanin gida, shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa. Sashen bai yanka adadi ba. A lokacin da guga da igiya ne ma'aunin abin da mutum zai iya ja, rashin adadin ba ya cutar da kowa, domin gajiyar hannu ita ce iyaka. Yau famfon da ake zurawa cikin burtsatse ba ya gajiya, kuma tun da cire tallafin mai a 2023 ya tura mutane ga sola, tsadar fetur ma ta daina taka wa masu sola birki.

Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, gardamar da muka shafe shekaru muna yi a kan wa ya mallaki ruwan nan ta shagaltar da mu daga tambayar da ta fi ta gaggawa: wa ke haƙawa, a ina, zurfin nawa, kuma nawa yake zuƙa?

Ƙudurin sabuwar dokar ruwa ya isa misali. Ya maƙale a Majalisar Dattawa a 2018, aka dawo da shi a 2020, aka sake dawo da shi a 2022, har Majalisa ta tara ta nannaɗe tabarmarta a 2023 bai zama doka ba. Masu adawa sun ce dabara ce ta ƙwace gaɓar koguna daga hannun jihohi, wasu ma suka haɗa shi da rikicin manoma da makiyaya. Tsoron nasu ba na banza ba ne, tunda Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya bar wa tarayya ruwan da ya ratsa jihohi ne kawai. Sai dai duk tsawon cacar-bakin, injinan haƙa ba su huta ba ko na yini guda.

A dubi yadda ake haƙa burtsatse a sababbin unguwannin Kano. Mota ta iso da safe, a toshe layi, injin ya yi ta ruri yana fesa farar ƙurar dutse a kan katangun maƙwabta. Kafin magariba an zura bututu, yara sun taru suna kallon ruwan farko mai launin kunu. Mai haƙa ya karɓi cikon kuɗinsa ya wuce. A cikin sa'o'in nan ya san abubuwan da masu bincike ke nema ruwa a jallo: zurfin da aka bar jar ƙasa, inda aka taras da dutse, inda ruwa ya ɓullo, da ƙarfinsa. Galibi ba a rubuta ko ɗaya. Kano kuwa a kan tsohon dutse take zaune, ruwanta na maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, ba wani tafki ne a ƙasa ba. Shi ya sa idan mai hali, ko mai gidan ruwan leda, ya nutsa famfonsa, rijiyar gugan maƙwabcinsa ce ke fara ƙafewa a bazara, sai ya koma sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa, wataƙila ma daga burtsatsen da ya shanye masa rijiya. A gefe guda ana ta cike kududdufan birni ana gini, alhali ta nan wani kaso na ruwan damina ke nutsewa ya koma ƙasa.

Gurɓata ma ba ta san katanga ba. Tazarar da aka fi ambata tsakanin masai da rijiya ita ce mita 30, wato kusan ƙafa 100. Filin da aka yanka ƙafa 50 sau 50 ta ina zai ɗauki wannan tazara? Ko mutum ya kiyaye a gidansa, shaddar maƙwabci na bayan bango. Wannan aikin hukumar tsara birni ne tun ranar yanka filaye, ba na mai gida ba. Hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idojin kare ingancin ruwan sama da na ƙasa tun 2011, amma wanda ya san yadda ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ke kwarara ya san tazarar da ke tsakanin takarda da kwata.

A Borno darasin ya fi tsufa. A ƙarƙashin Maiduguri da kewayenta akwai shimfiɗun ruwa hawa uku, kuma na tsakiya da na ƙasa suna da matsin da ke tunkuɗo ruwa sama ba tare da famfo ba. Daga shekarun 1950 zuwa na 1960 aka haƙa rijiyoyi masu yawa a cikinsu, aka bar da dama suna kwarara dare da rana babu marfi. Matsin ya yi ta raguwa. Ruwan nan ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu damshi, saboda haka abin da ya zube ba damina ɗaya ko goma za ta mayar da shi ba. Shimfiɗar sama kuwa tana samun wani ɓangare na cikonta daga ambaliyar koguna, abin da ke nufin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, da suka rage wannan ambaliya, suna da hannu a zurfin rijiyar manomin Nguru da Gashuwa. Duk dokar da ta raba kogi da rijiya ta raba abin da ƙasa ba ta raba ba.

Za a ce ai iko yana nan: dokar 1993 ta ba Ministan albarkatun ruwa damar ba masu haƙa lasisi da ƙayyade wuri da zurfin burtsatse, an kuma fitar da ƙa'idojin lasisin amfani da ruwa a 2016. Haka ne. Matsalar ita ce ikon ya yi nisa da bakin rijiya. Jami'in da ke Abuja ba zai ji rurin inji a Rijiyar Zaki ba. Mai unguwa kuwa ba ya iya barci saboda shi.

Don haka a fara da abin da ido ke gani. Masu burtsatse ba sa ƙirguwa, amma injinan haƙa kaɗan ne, manya ne, ba sa ɓuya. Jiha na iya ɗaure lasisin kowane inji da sharaɗi guda: duk ramin da ya haƙa, ya miƙa bayaninsa, a tura kwafi ga NIHSA, hukumar da ke tattara bayanan ruwa ta ƙasa. Rajistar gida ta zama kyauta, don kada ta rikiɗe ta zama wata kafar haraji mutane su gudu. Mita da kuɗi a ajiye su ga masu sayar da ruwa, otal-otal da masana'antu. Jihar Punjab ta Indiya ta bi irin wannan hanya a 2009: maimakon bin famfunan manoma ɗaya bayan ɗaya, sai ta hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni, lokacin da damina ta kusa. Gonar da aka dasa ba ta ɓoyuwa.

Batun tazara tsakanin rijiyoyi kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Fiƙihun Malikiyya ya san harimin rijiya, kuma bai ƙayyade shi da kamu ba. Ma'auninsa shi ne abin da ba zai cutar da ruwanta ba, ba zai kuma takura masu zuwa ɗiba ba. Ma'auni ne da ya fi adadi ɗaya tilo dacewa da ilimin ƙasa na yau, domin tazarar da ta isa a dutsen Kano ba lallai ta isa a rairayin Gwandu ba. Dokar jiha da aka gina a kan wannan tushe za ta fi samun kunnen jama'a, alƙali ma ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba shi da amsa mai sauƙi. Mutane ba don sha'awa suke kashe miliyoyi a burtsatse ba. Famfon gwamnati ne ya bushe. Hukumar da ta kasa kai ruwa unguwa ba ta da bakin hana haƙa a cikinta. Saboda haka hani, idan ya zama dole, sai ya biyo bayan bututu, unguwa bayan unguwa. Rajista kuwa ba ta jiran komai.

Haka abin yake a kan iyakar ƙasa. Ruwan ƙasan Sakkwato da Kabi ɓangare ne na shimfiɗar Iullemeden da Nijeriya ke tarayya a cikinta da Nijar da Mali, kuma Nijar ta yi nata kundin dokar ruwa tun 2010. Ranar da za a zauna rabon wannan ruwa, kowace ƙasa da alƙalumanta za ta zo, kuma namu a yanzu suna cikin kawunan masu haƙa.