Jiragen Jega da Jiragen Masar

Wajen shekarar 1820 Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara. Kasuwarta ta ƙasaita har ana kwatanta ta da ta Kano. Idan gulbi ya kawo, jiragen ruwa kan taso daga ƙasar Nufe, su bi Kwara, su iso nan da kaya. Yau kuwa albasar Aliero a mota ake lodinta, a bi ta Maiyama a yi kudu. Fataucin jirgi ya zama labari.

To, ku dubi dabarar mutanen Masar. A 1920 aka buɗe kabarin wani babban bafade, Meketre, kusa da Luksor. Aka tarar da 'yan jiragen katako fiye da goma, da matuƙansu, waɗansu har da zanen da iska ke turawa. Shekarunsu wajen 4,000. Harry Burton ya ɗauki hotonsu. Yawancin jiragen ainihi sun ruɓe, ƙananan sun tsira.

Jama'a, masassaƙanmu na nan. Kafin tsofaffin da suka ga jiragen Jega su ƙare, a sassaƙa kamanninsu, a ɗauki hoto, a ajiye wa jikoki.