Bakan Gizo: Yadda Yake Samuwa, da Batun Shanye Ruwa

Bakan gizo, wanda kuma ake kira masha-ruwa, baka ne mai launuka da ke bayyana a sararin sama idan hasken rana ya faɗa kan ɗigon ruwan sama. Sharuɗɗansa biyu ne: rana ta kasance a bayan mai kallo, ruwa kuma yana zuba a gabansa.

Hasken rana da ido ke gani fari, haɗakar launuka ne. Idan ya shiga ɗigo sai ya karkata, ya bugi bangon ɗigon na ciki ya dawo, ya sake karkata wajen fita. Kowane launi da gwargwadon karkatarsa, shi ya sa suke rabuwa. Ja yana zuwa wa ido a kusurwar digiri 42, ya zauna a gefen waje. Shunayya a digiri 40, daga can ciki. Tsakaninsu akwai ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi da shuɗin baba irin na marina. Wani lokaci akan ga baka na biyu a sama da na farko, dushi-dushi, launukansa a juye, domin haskensa sau biyu ya bugi cikin ɗigo.

Masanin Farisa Kamaluddin al-Farisi ya bayyana wannan tafiya ta haske tun farkon ƙarni na 14, da ƙwallon gilashi cike da ruwa. Isaac Newton na Ingila ya tabbatar daga baya cewa launukan suna cikin farin hasken tun asali.

A Gwiwa da maƙwabtanta Roni da Kazaure, inda damina ke tsakanin Yuni da Satumba, ba a ganin bakan gizo da tsakar rana, saboda sai rana ta yi ƙasa da digiri 42 yake fitowa. Lokacinsa safiya ne, ko bayan La'asar.

Manomin gero da ke jiran ruwa ba ya murnar ganinsa, don an ce shanye hadari yake yi. Lurar magabata ba banza ba ce, dalilin ne aka juya. Bakan ba ya fitowa sai gajimare ya yage har rana ta leƙo, alamar ruwan yanki-yanki ne, wanda kan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Haske ne kawai, ba ya ɗauke ko ɗigo guda.

Abin da ya fi amfani shi ne inda ya fito. Hadarin ƙasar Hausa yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Bakan safiya a yamma yake, wato ruwan ya riga ya wuce. Na yammaci a gabas yake, kuma ruwan da ya haife shi yana iya kasancewa a kan hanya, don haka ɗan kasuwar da ya baza hatsi a fili gara ya nemi tamfol.