Kalmar "dozen": ma'anarta da yadda ake amfani da ita

Wannan kalma ta Ingilishi ba baƙuwa ba ce a kunnuwanku, domin ita ce Hausawa suka ara suka mayar "dozin". Duk wanda ya taɓa sarin sabulu ko ashana ko kwanoni ya san ta a baki. A rubuce ne take ba mutane wahala. Mutanen Gangara da Gazawa da Agye suna kusa da Nijeriya, kuma kaya masu yawa da ke shigowa daga Katsina da Jibiya da Kano da Ingilishi ake rubuta adadinsu a jikin kwali. Ban da haka, tun shekarar 2025 dokar ƙasar Nijar ta sanya Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki.

Ma'anar farko ita ce goma sha biyu cif, wato 12. Ƙidaya ce, ba awo ba. Ana awon hatsi da tiya, ana auna mai da lita, amma dozin sai abin da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Idan kun ga an rubuta half a dozen, rabin dozin ke nan, guda 6. Two dozen guda 24 ne. A jikin kwali sau da yawa ana taƙaita kalmar, a rubuta doz. ko dz. Saboda haka kwalin da aka rubuta wa 6 doz. guda 72 ke cikinsa, ba 6 ba. Dozin goma sha biyu kuwa sunansa gross, wato guda 144.

Ga misali don lissafi. A ce kun sari dozin ɗin sabulu jikka uku, wato sefa 3000. Ku raba gida 12, kowane ɗaya ya tashi a kan sefa 250, dala hamsin ke nan. Wanda ya ɗauka dozin goma ne zai zaci kowane ya kama dala sittin, sai ya tsauwala farashi, masu saye su koma wurin maƙwabcinsa.

Wannan ruɗani yana da dalili a wurinmu. Ingilishi ya samo kalmar ne daga tsohon Faransanci, kuma har yau Faransawa suna cewa douzaine, daga douze, sha biyu. To, akwai wata kalmar Faransanci mai kama da ita ƙwarai, dizaine, wadda ke nufin goma ko wajen goma. Na sha ganin ɗalibai a ajin yaƙi da jahilci, har waɗanda hannunsu ya faɗa da rubutu, suna musanya su. Ku duba harafin da ke bayan d kafin ku biya kuɗi.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi bukatar lura. Idan aka ƙara s a ƙarshe, kuma of ta biyo baya, to an bar ƙidaya. Dozens of people ba ya nufin wani adadi sananne, yana nufin mutane da dama, kamar yadda ƴan jarida ke cewa "gomman mutane". A labari ko hira wannan ba laifi. A takardar ciniki ko ta bashi kuwa kada ku yarda da ita. Ku nemi a rubuta lamba. Kuma idan lamba ta zo gaban kalmar ba a sa s: three dozen eggs ake rubutawa, ƙwai 36. Sai dai a kasuwanninmu an fi sayar da ƙwai a faranti mai cin 30, wanda dozin biyu da rabi ne.

Akwai kuma baker's dozen, dozin ɗin mai gashin burodi, wanda 13 ne. Ana danganta shi da masu burodi na Ingila a zamanin da, waɗanda kan ƙara guda ɗaya don tsoron hukuncin tauye awo. Ya yi kama da gyaran da mai sayarwa ke yi muku a kasuwa, sai dai ba za ku gan shi a jikin kwali ba. Can dozin 12 ne, kuma ya kamata ku buɗe ku ƙirga a gaban mai kaya.