Haƙƙin iyalan mamaci a hukuncin kisa: ƙisasi, diyya da afuwa

A shari'ar Musulunci, iyalan wanda aka kashe da gangan suna da ta cewa a hukuncin makashinsa. Malaman fiƙihu suna kiransu waliyyan jini, kuma tushen haƙƙinsu shi ne aya ta 178 ta Suratul Baƙara. Idan laifi ya tabbata a gaban alƙali, suna iya neman ƙisasi, ko su sasanta a kan diyya, ko su yafe don Allah. Asalin diyya raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinari, ko dirhami 12,000 na azurfa a wajen Malikiyya.

Sai dai wannan haƙƙi yana da iyaka. Iyali ba sa ɗaukar fansa da hannunsu, domin zartar da hukunci aikin hukuma ne. Imam Malik yana ganin ko an yafe wa makashi, za a yi masa bulala 100, a tsare shi shekara guda. A mazhabarsa kuma babu afuwa a kisan gilla, wato a yaudari mutum a kashe shi a ɓoye don dukiyarsa, saboda ɓarnar ta shafi al'umma baki ɗaya.

Abin da ya faru a Pakistan ya nuna amfanin wannan iyaka. Ƙasar ta shigar da ƙisasi da diyya cikin dokarta a 1990. A 2011 aka saki Ba'amurke Raymond Davis, wanda ya harbe mutum biyu a Lahore, bayan an biya iyalansu diyyar sama da dala miliyan 2, lamarin da ya sa jama'a suka yi ƙorafin cewa afuwa ta zama hajar masu hali. Haka nan an sha kashe mace da sunan kare mutuncin gida, iyayenta su yafe wa ɗansu da ya kashe ta. Shi ya sa a 2016 majalisar ƙasar ta yi dokar ɗaurin rai da rai ga mai irin wannan kisa, ko da dangi sun yafe.

A Amurka kuwa, tun 1991 Kotun Ƙoli ta amince iyalan mamaci su bayyana raɗaɗinsu kafin a yanke hukunci, amma ba su da ikon yafewa.

Shari'a ta saurari mai haƙƙi, ta kwaɗaitar da shi yin afuwa. Wajibi ne kuma alƙali ya tabbatar ba tsoro ko talauci ne suka tilasta masa yafewar ba. Allah ne Mafi sani.