Me Ya Sa Samarin Yau Ba Su Kai Iyayensu Walwala Ba?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Talata Mafara.

To Malam, sai mun koma baya kaɗan. A da, saurayi a Bakura ko Maradun yana da fadamar gado. Kogin Sakkwato ya yi ambaliya ya janye, a noma shinkafa, a kama kifi. Da wannan ake aure, ake riƙe gida.

A shekarar 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gama gina madatsar ruwa ta Bakolori. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka tashi mutane wajen 13,000. Fadamun da ke ƙasan madatsar kuwa suka rasa ambaliyar da ke ciyar da su. Da manoma suka tashi neman diyya a watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da dama.

Sai ga shirin SAP na 1986, Naira ta faɗi, taki ya yi tsada. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, yau 'ya'ya da jikoki ke rabo. Tun wajen 2011 kuma 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gona.

Saboda haka, Malam, kada a ce lalaci ne. Yaron da ya tarar da gona ta ƙanƙance, daji ya gagara shiga, ina zai sa kansa?

Da fatan mai tambaya ya gamsu.